Daga Idon Sawu Zuwa Ƙirji: Yadda Ƙafa Ke Tona Asirin Ciwon Zuciya

Mutumin da takalminsa sau-ciki ya shige shi lafiya lau da safe, amma kafin la'asar ya fara matse shi, idan ya cire safa kuma ya tarar robarta ta bar masa zobe a ƙwauri, da wuya tunaninsa ya kai ga zuciya. Abin da zai fara cewa shi ne tsayuwa ce ta yi masa yawa, ko kuwa sanyi ne ya kama shi, idan abin ya daɗe kuma ba za a rasa wanda zai raɗa masa cewa wani abu ya taka ba. Sau da yawa yana da gaskiya game da tsayuwar, domin ba kowane kumburi ne yake da alaƙa da zuciya ba. Sai dai duk likitan da ya zargi zuciyar majinyaci, kafin ya tura shi ɗaukar hoto, sai ya sa shi ya cire takalmi, ya danna masa ƙwauri, ya laluba bugun jini a bayan idon sawu, ya kuma taɓa yatsun ya ji ko da ɗumi. Dalilin wannan dubawa shi ne abin da ya kamata a warware.

Tun daga harshe ake fara samun ruɗani. Kalmar jijiya a Hausa ta haɗa abubuwa da dama waɗanda aikinsu ya sha bamban: akwai jijiyar da ke kai jini daga zuciya zuwa gaɓoɓi, akwai wadda ke mayar da shi, akwai jijiyar da ke ɗauke da saƙon ji da motsi, ga kuma irin su agara da ke ɗaure tsoka da ƙashi. Saboda haka idan mutum ya ce jijiya ce ke damunsa a ƙafa, bai bambance komai ba tukuna. Haka ma ciwon zuciya, wanda a bakin jama'a ya fi nufin baƙin ciki da ɓacin rai, har ta kai idan aka ce wa dattijo zuciyarsa ce ta kumbura masa ƙafa, sai ya ce ai shi ba ya cikin wata damuwa. Zuciyar da ake magana a kai a nan ita ce tsokar nan mai girman dunƙulallen hannu, wadda ke bugawa kusan sau 100,000 a kowace rana tana zagaya da jinin da ya kai kimanin lita 5 a jikin baligi.

Ɓangaren hagu na zuciya shi ke tura jini zuwa dukan jiki, ɓangaren dama kuma shi ke karɓar wanda ya dawo ya miƙa shi ga huhu. Ƙafa ita ce zango mafi nisa a wannan tafiya, kuma ita ce a ƙasa. Zuwan jini wurinta gangara ce, amma dawowarsa hawa ne, domin sai ya taso daga tafin ƙafa har ƙirji alhali nauyinsa na ja da shi ƙasa. Abin da ke taimaka masa shi ne tsokar sharaɓa, wadda ke matse jijiyoyin duk lokacin da mutum ya ɗaga ƙafa, tare da wasu ƙananan marufai a cikin jijiyoyin da ke hana jinin komawa baya. Wannan ya sa matsalar da ke bayyana a ƙafa kan zo ta ɗaya daga hanyoyi biyu: ko dai jinin ya kasa komawa sai ruwa ya taru, ko kuma ya kasa isowa sai naman ƙafar ya shiga yunwa. Alamomin kowace daban suke, haɗarinsu ma daban.

Kumburin da ke zuwa daga gazawar zuciya yana da kamanninsa. Idan zuciya ta raunana, ko ta ƙage har ba ta iya buɗewa ta karɓi jini yadda ya kamata, sai jini ya yi cunkoso a jijiyoyin da ke dawo da shi, matsin da ke cikinsu ya ƙaru, ruwa ya riƙa tsattsafowa yana shiga nama. Ƙoda kuma tana ƙara dagula lamarin ba da niyya ba, domin da ta ji jinin da ke zuwa mata ya ragu sai ta ɗauka jiki ne ke fama da ƙarancin ruwa, ta shiga riƙe gishiri da ruwa maimakon ta fitar da su a fitsari. Ruwan yakan taru lita biyu zuwa uku kafin ido ya fara ganinsa, wanda ke nufin ranar da aka lura da kumburi, abin ya riga ya kwana biyu yana tafiya. Irin wannan kumburi ƙafa biyu yake kamawa, yana farawa daga idon sawu ya haura ƙwauri, ya fi tsanani da yamma ya kuma ɗan sace da safe, kuma galibi ba ya zafi. Idan aka danna babban yatsa a kan ƙashin ƙwauri na ɗan lokaci aka ɗaga, sai wurin ya lotsa kamar an danna kwaɓaɓɓen fulawa, ya ɗauki lokaci kafin ya ciko. Ga wanda ya daɗe a kwance kuwa, ruwan ba ya zuwa ƙafa sosai, a ƙugu da gadon baya yake taruwa, kuma masu jinya kan yi murna cewa ƙafa ta sace alhali wuri kawai ruwan ya sauya.

Kumburin shi kaɗai bai isa hujja ba, abokan tafiyarsa ne ke nuna zuciya. Mutum ya ga tafiyar da ya saba yi zuwa masallaci ko kasuwa yanzu tana sa shi haki. Ya ga ba ya iya kwanciya a miƙe sai ya tara matasai biyu ko uku, ko ma ya kwana a jingine. Ya riƙa farkawa tsakar dare numfashi ya sarƙe, sai ya zauna bakin gado ko ya buɗe taga kafin ya samu sa'ida. Ga tari mai naci da dare, ga yawan tashi fitsari, ga ciki ya cika da ɗan abinci kaɗan saboda hanta ita ma ta kumbura. Wanda ya haɗa kumburin ƙafa biyu da ko da ɗaya daga cikin waɗannan, asibiti ne wurinsa, ba sai an jira a ga abin da hali zai yi ba. Ga wanda aka riga aka tabbatar yana da ciwon, ma'aunin nauyi ya fi ido saurin ganewa: ƙarin kilo 2 cikin kwana 3 ruwa ne ba ƙiba ba, kuma dalili ne na komawa wurin likita kafin ranar da aka ba shi ta cika.

A ƙasashenmu, abin da ya fi kai zuciya ga wannan hali shi ne hawan jini da aka bari ba magani, ko ake shan maganin yau a bari gobe. Wani babban bincike da aka wallafa a 2012, wanda ya bi majinyata 1,006 da aka kwantar saboda gazawar zuciya a ƙasashen Afirka 9, ciki har da Najeriya, ya nuna hawan jini ne musabbabi a kusan rabinsu, kuma matsakaicin shekarunsu 52 ne, alhali a Turai da Amurka ciwo ne da aka fi gani a wajen masu shekara 70. Bayansa akwai lalacewar ƙofofin zuciya da ke biyo bayan ciwon maƙogwaro na ƙwayar cuta wanda ba a yi wa yaro magani ba, kuma shi ya sa ake ganin saurayi ko budurwa da kumburarriyar ƙafa da haki tun ba su kai ashirin ba.

Akwai rukuni guda da wannan magana ta fi shafa a ƙasar Hausa, wato masu jego. Ana samun wata irin gazawar zuciya da ke kama mace daga watan ƙarshe na ciki zuwa watanni biyar bayan haihuwa, ba tare da ta taɓa yin ciwon zuciya a baya ba, kuma arewacin Najeriya na cikin wuraren da aka fi samun ta a duk duniya. Tun a shekarun 1970, likitoci irin su Neil Davidson da Eldryd Parry a asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya suka ba da rahoton cewa tana kama kusan mace ɗaya cikin kowace haihuwa 100 a yankin. A wancan lokaci sun ɗora zargi a kan al'adun jego: wankan tafasasshen ruwa safe da yamma na kwana arba'in, kwanciya a gadon ƙasa da ake hura wuta a ƙarƙashinsa, da kuma kunun kanwa. Daga baya, binciken da Farfesa Kamilu Karaye na Jami'ar Bayero da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ya jagoranta a asibitoci da dama na ƙasar bai samu alaƙa mai ƙarfi tsakanin waɗannan al'adu da faruwar ciwon ba. Abin da ya fi fitowa fili shi ne talauci, rama, rashin ilimin boko, da hawan jini na lokacin goyon ciki, sannan ana ci gaba da nazarin ƙarancin sinadarin seleniyum a jiki, wanda tun farko aka lura da shi a wajen mata masu wannan ciwo a Yamai.

A ganina, wannan saɓani bai wanke kanwa gaba ɗaya ba. Ko da ba ita ke haddasa ciwon ba, kanwa cike take da sodiyum, sinadarin nan da ke cikin gishiri wanda ke sa jiki riƙe ruwa, don haka ɗura ta ga macen da zuciyarta ta riga ta gaza ƙara wa jaki kaya ne a kan hawa. Babban haɗarin ma yana wajen fassarar da ake yi wa alamomin. Maijego ta kumbura, sai a ce ɗanyen jiki ne, wanka ne bai shige ta ba, a ƙara wa ruwa wuta a ƙara wa kunu kanwa. Tana haki idan ta ɗauki jariri, a ce jini ne bai gama dawo mata ba. Gaskiya ne ƙafar mai ciki kan ɗan kumbura a watannin ƙarshe, kuma takan sace cikin mako ɗaya ko biyu bayan haihuwa. Amma kumburin da ke ƙaruwa bayan suna maimakon ya ragu, musamman idan tana tari da dare ko ba ta iya kwanciya a miƙe, ba na jego ba ne. Mata da yawa zuciyarsu kan farfaɗo idan an fara magani da wuri, wadda kuwa tata ba ta koma daidai ba, sake ɗaukar ciki na iya zama barazana ga rayuwarta, kuma wannan magana ce da ya kamata a zauna da mijin a yi ta a gaban likita.

Ba zuciya kaɗai ke kumbura ƙafa biyu ba. Ciwon ƙoda yana yi, sai dai shi yakan haɗa da fuska da fatar ido da safe, wani lokaci da fitsari mai kumfa. Ciwon hanta yana yi, tare da tarin ruwa a ciki. Rashin jini mai tsanani da tamowa suna yi. Ga mai ciki, kumburin da ya kai hannu da fuska tare da ciwon kai ko gani dishi-dishi yana iya zama share fagen jijjiga. Har magani ma yana jawo shi: amlodipin, wanda dubban masu hawan jini ke sha, an san shi da kumbura idon sawu ba tare da zuciya ta samu matsala ba, kuma gyaran wannan yana hannun likita ta hanyar rage shi ko sauya shi, ba a daina sha gaba gaɗi ba. Magungunan ciwon jiki irin su diklofenak da ibuprofen kuwa, waɗanda ake saya a kemis kamar alewa, suna sa jiki riƙe ruwa, suna kuma iya tayar da ciwon zuciyar da ya lafa. Haka nan masu sayen Lasix, maganin da ke sa yawan fitsari, da kansu don su sace kumburi: ƙafar za ta sace ɗin, amma musabbabin yana nan, ga kuma haɗarin zubar da sinadaran jini da bugun zuciya ya dogara a kansu.

Idan kuwa ƙafa ɗaya ce ta kumbura, to lissafin ya sauya. Kumburin da ya zo cikin kwana ɗaya ko biyu a ƙafa guda, sharaɓa ta yi tauri tana zafi da ɗumi, yana iya zama gudan jini ne ya daskare a babbar jijiyar da ke can ciki. Abubuwan da ke kawo shi sanannu ne tun ƙarni na 19: jini ya daɗe bai motsa ba, ko bangon jijiya ya ji rauni, ko jinin kansa ya zama mai saurin daskarewa. Saboda haka ake ganinsa bayan tiyata ko karaya, a lokacin ciki da jego, ga masu shan wasu magungunan tazarar haihuwa, ga masu ciwon daji, da kuma bayan doguwar tafiya a takure, irin ta wanda ya zauna a mota daga Kano zuwa Legas gwiwa a naɗe. Haɗarinsa shi ne gudan ya ɓalle, ya bi jini ya ratsa ɓangaren dama na zuciya ya toshe hanyar huhu, mutum ya kama haki da ciwon ƙirji farat ɗaya, wani ma ya faɗi nan take. Wannan ƙafa ba a yi mata tausa, ba a ja ta, ba a kafa mata ƙaho. Tundurmi shi ma yakan fi kama ƙafa ɗaya, amma a hankali yake zuwa cikin shekaru, fata ta yi kauri ta daina lotsawa, kuma ba shi da alaƙa da zuciya.

Ɗaya hanyar, wato jini ya kasa isowa, ta fi shiru kuma an fi yi mata sakaci. Akwai wani dattijo a unguwarmu da na daɗe ina lura da shi: tsakanin gidansa da masallaci bai fi tafiyar minti biyar ba, amma kullum sai ya tsaya daidai teburin mai shayi, ya dafa bango kamar mai jiran wani, ya gaisa da mutane, bayan minti biyu ya ci gaba. Ba haki yake yi ba, sharaɓarsa ce ke ɗaurewa kamar an sa mata igiya, kuma da ya tsaya sai ta sake shi. Wannan ita ce alamar da aka fi sani ta ƙuntatar jijiyoyin da ke kai jini ƙafa. Kitse da ƙwayoyin kumburi ne ke taruwa a bangon jijiyar shekara da shekaru har hanyar ta tsuke, jinin da ke wucewa ya ishi tsoka idan tana hutawa amma ya gaza idan tana aiki. Abin sha'awa, a jikin doki aka fara bayyana wannan ciwo: wani likitan dabbobi ɗan Faransa mai suna Bouley ne ya rubuta shi a 1831 game da dokin da ke ɗingishi idan ya yi gudu ya kuma warke idan ya huta, kafin Charcot ya bayyana irinsa a jikin mutum a 1858. Bambancinsa da sanyin ƙashi a fili yake ga mai lura, domin shi a tsoka yake ba a gaɓa ba, tafiya ce ke kawo shi a kusan nisa ɗaya kullum, tsayuwa kuma ta kore shi cikin 'yan mintoci.

Abin da ya sa likitocin zuciya suka damu da wannan ciwo ya wuce batun ƙafa. Tsatsar kitsen da ta toshe jijiyar ƙafa ba ta zaɓar wuri; mafi yawan lokaci tana nan a jijiyoyin da ke ciyar da tsokar zuciya da waɗanda ke kai jini ƙwaƙwalwa. Shi ya sa mai wannan ciwo ya fi fuskantar haɗarin bugun zuciya ko shanyewar ɓarin jiki fiye da haɗarin yanke ƙafa. An ƙiyasta cewa a 2010 mutum fiye da miliyan 200 ne ke ɗauke da shi a duniya, kusan kashi 70 cikin 100 a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin tattalin arziki, kuma akasarinsu ba su da wannan ɗaurewar sharaɓa a bayyane, wasu don sun rage tafiya da kansu ba tare da sun lura ba. Taba sigari da ciwon suga ne kan gaba wajen kawo shi, sai hawan jini, yawan kitse a jini, ciwon ƙoda da tsufa. Idan ya yi nisa, ƙafar kan yi sanyi, gashin ƙwauri ya zube, fata ta yi sheƙi, farce ya yi kauri, ɗan ƙaramin rauni ya zama gyambon da ya ƙi warkewa. Matakin da ya fi muni shi ne yatsu su riƙa zugi da dare har mutum ya sauko da ƙafarsa daga gado tana lilo kafin ya samu barci, domin a lokacin nauyin jinin kaɗai ke taimaka masa ya gangara.

Mai ciwon suga yana cikin tsaka mai wuya, saboda ciwon yana lalata jijiyar jini da jijiyar ji a lokaci guda. Yakan fara da jin minjirya ko zafi kamar barkono a tafin ƙafa, daga baya ƙafar ta mutu murus har ya taka ƙusa ko garwashi bai sani ba. Ga shi jinin da zai warkar da raunin bai isa ba, sai faso ko kaushin da aka yanke da reza ya zama sanadin rasa yatsa. Wanda ke alwala sau biyar a rana yana da damar da ya kamata ya yi amfani da ita: ya duba tafin ƙafa da tsakanin yatsu, ya tsane su sosai, kada ya yi yawo ba takalmi ko a tsakar gida, kada kuma ya gasa ƙafa a bakin wuta lokacin hunturu.

Akwai yanayi guda da ba ya jiran gari ya waye. Ƙafa ta ɗauki azababben ciwo farat ɗaya, ta yi sanyi ƙalau, launinta ya koɗe, ta mutu ko ta ƙi motsi. Sau da yawa gudan jini ne ya taso daga cikin zuciyar da bugunta ya rikice, ko wadda ƙofarta ta lalace, ya gangaro ya toshe jijiyar ƙafa gaba ɗaya. Tsoka ba ta jure rashin jini fiye da kimanin awa 6, saboda haka duk lokacin da aka ɓata ana shafa mai ko ana gasawa da ruwan zafi, daga rayuwar ƙafar ake cirewa. Sauran alamomin ba su cika faruwa ba: kan yatsu ya yi kumburi kamar gular ganga tare da shuɗin leɓe ga yaron da aka haifa da matsalar zuciya, ko ƙulli mai tauri a agara ga masu gadon yawan kitse a jini.

Binciken da ake yi a asibiti bai kai yadda ake tsoro ba. Za a auna hawan jini da suga, a duba fitsari da aikin ƙoda da yawan jini, a yi gwajin bugun zuciya na ECG, idan da hali a ɗauki hoton eko wanda ke nuna ƙarfin matsawar zuciya da lafiyar ƙofofinta. Game da ƙuntatar jijiya, akwai gwaji mai sauƙi da ake auna ƙarfin jini a idon sawu a raba shi da na hannu. Idan sakamakon ya kasance 0.9 ko ƙasa da haka, hanyar ta tsuke. Maganin mai ɗaurewar sharaɓa ya haɗa da barin taba kwata-kwata, maganin rage kitse na statin, maganin hana jini daskarewa irin su asfirin bisa umarnin likita, sai kuma abin da ke ba majinyata mamaki, wato tafiyar kanta: a yi tafiya har ciwon ya zo, a huta, a sake tashi, na minti 30 zuwa 45 sau uku a mako na aƙalla wata uku, domin hakan kan sa tsoka da ƙananan jijiyoyi su saba, nisan da ake iya kaiwa ya ƙaru. Mai kumburin zuciya kuwa, bayan magungunansa, sai ya sa ido a kan gishiri, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada ya kai giram 5 a rana, kimanin ƙaramin cokalin shayi ɗaya, kuma a cikin wannan lissafi har da ɗanɗanon dunƙule da ake jefa wa miya uku-uku, da yajin tsire, da kanwar da ake sa wa wake da ɗanwake.